Idan rezo ya ɗauke ranar kasuwa: labarin akwatin da ke kan antan

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Galmi ko Tsarnawa ya san wannan hali. An cika babbar mota da buhuna, direba ya tada inji, dillali yana tsaye yana jiran amsa, shi kuwa mai kaya ya ɗaga salula sama yana juyi kamar mai neman jinjirin wata, don ya ji daga bakin abokin cinikinsa na Kumasi ko Abijan nawa buhu ya kwana. Kira ya ƙi shiga. Ya sake bugawa, ya ƙi. Albasa kuwa ba ta jiran kowa, balle cikin zafin watan Afrilu. Haka nan Hajiya mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a kasuwar Maraɗi, an ce mata an turo kuɗi ta waya, saƙo bai iso ba, mai saye kuma yana gaggawar tasha kada mota ta bar shi. Ta saki kaya ko ta riƙe?

A irin wannan lokaci magana ɗaya ce a bakin kowa: rezo ya ɗauke. To amma ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa dalilin yana can bayan kasuwa, cikin shingen da ya kewaye dogon ƙarfen nan da muke kira antan, a cikin wani akwati da yawancinmu ba mu taɓa gani ba. Masu aikin sadarwa suna kiransa amfili, kuma a kansa ne za mu tattauna yau, da mutanen da ke kwana da tashi wajen kula da lafiyarsa.

Yadda salula ta zama jarin ɗan kasuwa

A shekarar 2001 ne kamfanin Celtel ya buɗe layin salula a Nijar, wanda ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Bayansa aka samu SahelCom da Telecel, wanda yau ake kira Moov Africa. Orange ya shigo a 2008, aka saye shi a 2019, daga baya ya zama Zamani, yayin da aka haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 suka zama Niger Telecom. Kafin wannan zamani, mai son sanin farashin hatsi a Damagaram ko Tawa sai ya biya kuɗin mota ya je da kansa, ko ya jira direban da ya fito can.

Wata masaniyar tattalin arziki ta jami'ar Tufts a Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasarmu daga 2001 zuwa 2006. A binciken da ta wallafa a 2010 ta nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ma'ana, ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance, kaya suna zuwa inda ake bukatarsu, tiyar hatsi ba ta yin tsada fiye da kima a wani gari alhali ta yi kwantai a maƙwabcinsa. Saboda haka ranar da antan ya yi shiru, kasuwa na komawa halin da take ciki shekaru ashirin da ƴan kai da suka wuce.

Mene ne amfili?

Kowa ya san amfilin masallaci ko na gidan biki. Ladan yana magana da muryarsa ta kullum, amfili ya ƙara mata ƙarfi, amsa-kuwwa ta watsa ta ga unguwa duka. Na antan ma aikinsa ke nan, illa dai shi ba murya yake ƙarfafawa ba, igiyar rediyo ce wadda kunne ba ya ji.

Amfili iri biyu ne a kowane antan. Na farko shi ne na magana, wanda ke tura saƙo daga antan zuwa salularka. Ƙarfinsa yakan kai wat 20 zuwa 40, wasu sabbi sun fi haka. Na biyu shi ne na saurare. Salular da ke hannunka ƙarfinta bai wuce wat 2 ba a zangon 900, wat 1 a zangon 1800, kuma kafin muryarta ta ratsa bangon shaguna da rumfunan kwano ta kai antan, ta koma raɗa. Aikin amfilin saurare shi ne ya ɗaga wannan raɗa ba tare da ya ƙara mata hayaniya ba. Don haka ne a tashoshi da dama ake ɗaura shi can sama kusa da faifan antan.

Wannan bambanci yana warware wani abu da ke ɗaure wa mutane kai. Ƴan sandunan rezo da kike gani a fuskar salula, Hajiya, suna nuna yadda salularki ke jin antan ne kawai. Ba su nuna ko antan yana jin ki. Idan amfilin saurare ya mutu, sanduna na iya cika fal, amma kira ya ƙi fita, ko kuma ki riƙa jin mutum shi ba ya jin ki. Batir ma yakan sauka da wuri a irin wannan rana, domin salula tana ta ƙwala kira da iyakar ƙarfinta ga wanda ya kurmance.

Galibi antan yana da fuska uku, kowace tana kallon sulusin gari, kowace da nata amfili. Shi ya sa ƴan tasha ke kira lafiya lau, ƴan kara kuwa da ke ɗaya gefen suna kuka, alhali antan ɗaya ne ke ba su. A tsarin GSM na asali, kowace na'urar aikawa tana da gurbi 8. Fuskar da ke da na'ura biyu tana ɗaukar kira kimanin 14 a lokaci guda, tunda ana ware gurbi ɗaya ko biyu don tsara zirga-zirga. Idan amfilin ɗaya ya ƙone, rabin hanyar ya rufe. A ranar da ba ta kasuwa ba babu mai lura, amma ranar da ƙauyuka suka cika gari, sai kira ya riƙa dawowa kamar motocin da suka haɗu a ƙaramar gada.

Zafi da ƙura

Babban abokin gabar amfili a ƙasarmu shi ne zafi. Ba duk wutar da yake ci ce ke fita a matsayin saƙo ba. Amfilin farkon zamanin 3G kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai suke fitarwa, sauran duk ya zama zafi a cikin akwati. Na yanzu, da ake ƙerawa bisa dabarar da wani injiniyan Amurka mai suna William Doherty ya fito da ita tun 1936, suna kusantar rabi. Ko da haka, rabin da ya rage zafi ne, kuma dole a fitar da shi, ko da fanka, ko da na'urar sanyaya ɗaki, ko da haƙarƙarin ƙarfe da ke bayan akwatin wanda iska ke bi ta tsakaninsa.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, akwatin da ke cikin rana ya fi haka nesa. An ƙera amfili da dabarar kare kansa: in ya ji zafi ya yi yawa sai ya rage ƙarfi, in abin ya ci gaba sai ya kashe kansa har ya huce. Idan ya rage ƙarfi, faɗin wurin da yake kaiwa sai ya tsuke. Wanda ke gindin antan ba zai ji komi ba, amma ƙauyen da ke can bakin iyaka zai rasa rezo daga azahar zuwa la'asar, ya dawo da magariba. Duk wanda ya ga matsalarsa tana bin rana haka, to ya zargi zafi.

Ƙura ita ce mataimakiyar zafi. A lokacin hunturu, hazo yana toshe matatar iska, ya lulluɓe haƙarƙarin ƙarfe kamar bargo, ya cinye ƙafar fanka har ta tsaya. Aikin da ya fi kowane tsawaita ran amfili ba na babban ilimi ba ne: a wanke matata, a busa ƙura, a saurari ƙarar fanka, a canza wadda ta fara gurnani. Kamfanin da ya yi wannan shara a ƙarshen hunturu ya rage wa kansa wahalar bazara.

Ruwa, tsatsa da tsawa

Da damina ta sauka sai ciwon ya canza. A tsohon tsari amfili yana ƙasa cikin ɗaki, wani kabul mai kauri ne ke ɗaukar saƙo ya hau da shi sama. Wannan kabul kansa yana cin rabonsa, domin a zangon 1800 tsawon mita 50 kan cinye kusan rabin ƙarfin kafin ya kai faifai. Don haka sabbin tashoshi suka ɗauke amfilin gaba ɗaya suka ɗaura shi sama, aka haɗa shi da ƙasa ta zaren gilashi da wayar wuta. An rage asara, amma fa an kai shi inda rana da ruwa da iska ke dukansa, kuma mai gyara sai ya hau kafin ya taɓa shi.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar antan ita ce mahaɗa, wato inda kabul ya haɗu da amfili ko da faifai. Ana naɗe ta da roba mai danƙo da tef, amma rana tana gasa naɗin shekara da shekaru har ya tsattsage. Ɗigon ruwa kaɗan ya isa. Da zarar ya shiga, wani kashi na ƙarfin da amfili ya tura sai ya ƙi fita, ya juyo baya ya doki mai turo shi. Masu aikin suna da ma'auni na wannan juyowa. Idan ya nuna 1,5 to kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, kuma a nan ne galibi ake fara damuwa. Idan ya kai 2, kashi 11 ne. Idan ya kai 3, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke komowa, amfili kuwa sai ya rage ƙarfi ko ya rufe don kada ya ƙone.

Tsatsa ma tana da nata sharri. Ƙusa mai tsatsa ko mahaɗar da ba a ɗaure da kyau ba, idan igiyoyi masu ƙarfi suka ratsa ta, takan haifar da wata hayaniya da ke faɗawa daidai kunnen amfilin saurare. Antan sai ya zama kamar mai saurare a gefen injin niƙa. Wannan ciwo ya fi wuyar ganowa, domin yakan tsananta ne lokacin da jama'a suka yi yawa a kan layi, ya lafa cikin dare.

Sai tsawa. Dogon ƙarfe a fili shi ne abin da aradu ke fara samu. Ana kare shi da sanda a ƙololuwa da wayar tagulla da ke sauka zuwa sandunan da aka binne a ƙasa, don wutar ta bi ta nan ta wuce. Busasshen yashi irin namu ba ya karɓar wuta da sauƙi, saboda haka dole a riƙa auna wannan binni lokaci lokaci. Ɓarawon da ya yanke wannan tagulla don ƴan jikkunan da zai samu wurin masu sayen ƙarfe, ya bar tashar tsirara. Tsawar farko da ta sauka za ta bi ta cikin amfili, garin duka ya kwana ba rezo.

Batun wuta

Kayan antan suna aiki da wutar batir mai bolt 48. Wutar Nigelec ko ta gurup ko ta hasken rana tana shiga wata na'ura da ke mayar da ita irin wannan wuta, tana kuma cika batura. Idan an ɗauke wuta batura ke riƙe tashar har gurup ya tashi. Baturan dalma an ƙera su ne don ɗaki mai digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. Batirin da ya gaji ba ya riƙe komi. Wuta na ɗaukewa amfili ya mutu, ta dawo ya tashi, kuma wannan kunnawa da kashewa tana tsufar da shi da wuri. Wannan na cikin dalilan da suka sa ake komawa ga baturan litiyom da faifan hasken rana.

Jama'a ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin kimanin kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar daga can take zuwa, kuma ba a maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A irin waɗannan watanni nauyi kan koma kan gurup da gazwal, gurup kuwa da aka saya don ya riƙa taimakawa na ƴan awowi, idan ya koma aikin dare da rana, shi ma yana neman nasa mai gyara.

Yadda masu gyara ke gano cuta

Kowane kamfani yana da ɗakin sa ido inda ma'aikata ke zaune gaban kwamfuta dare da rana. Amfili yana kai ƙarar kansa: zafi ya yi yawa, ƙarfi ya ragu, saƙo yana juyowa, fanka ta tsaya, wuta ta sauka. Matakin farko shi ne a kashe shi a sake kunnawa daga nesa. In ya tashi ya zauna, an huta. In ya sake faɗuwa sai a tura ma'aikaci, wani lokaci tafiyar awowi a kan hanyar yashi ko ta laka.

Ma'aikacin kirki ba ya fara da zargin amfili, ko da shi ne ya yi ƙara. Yakan fara da wuta, ya auna batura, ya duba ko gurup yana tashi. Sannan ya duba iska da zafin akwati. Daga nan ya ɗauko wata na'ura da ke tura ɗan saƙo cikin kabul ta saurari dawowarsa, ta faɗa masa a mita nawa ne matsalar take. In ta nuna mita 42, ya san mahaɗar sama ce, ba sai ya kwance kabul duka ba. Wata dabarar ita ce musanya: a sauya kabul tsakanin fuska mai lafiya da mai ciwo. Idan ciwon ya bi kabul, to amfili ba shi da laifi. Idan ya tsaya inda yake, shi ne.

Wannan bin tsari yana da dalili. Wanda ya yi gaggawar cire ƙonannen amfili ya sa sabo ba tare da ya gano abin da ya ƙone na farko ba, sabon ma zai bi sahu, kuma kaya ne da ake shigowa da su daga waje da kuɗi masu yawa. Ba a yi wa amfili walda a gindin antan. Ana zare shi ne dungum a sa wani, a kai mai ciwon ɗakin gyara, inda ake gwada shi a kan wani abu da ke shanye ƙarfinsa a madadin faifai, domin kunna shi ba tare da mafita ba na iya halaka shi. Bayan an sa sabo sai a auna ƙarfin da yake fitarwa, a ɗaure mahaɗa da sifana mai awo, a sake naɗe ta, a yi kiran gwaji a kowace fuska.

Aiki ne mai hatsari. Mai hawa mita 40 ko 60 yana ɗaure da ɗamara da igiya, ana kashe fuskar da zai tsaya a gabanta saboda ƙarfin igiyar rediyo a bakin faifai ba abin wasa ba ne, kuma ba a hawa idan hadari ya taso. Don haka idan rezo ya ɗauke da ruwan dare, wani lokaci ma'aikacin yana nan gindin antan, gari yake jira ya waye.

Ya kamata kuma a sani ba kowane shiru ne laifin amfili ba. Farin faifan nan mai kama da ganga da ke jikin antan shi ke haɗa shi da na gaba, kamar yadda fatake ke miƙa wa juna saƙo zango zango. Iska mai ƙarfi na iya karkatar da shi, ko masu haƙar hanya su tsinke zaren gilashi, sai garuruwa da dama su yi shiru tare alhali amfilinsu lafiya lau.

Akwatin da wasu ke sayowa

Akwai wani ƙaramin amfili da ake sayarwa, wanda mai shago ke ɗaura masa eriya a kan rufi don ya jawo rezo cikin shagonsa. Idan mai araha ne, ko aka kafa eriyarsa ta waje kusa da ta ciki, yakan riƙa jin muryar kansa yana ƙara mata ƙarfi, kamar yadda amsa-kuwwa ke ƙugi idan ladan ya matso da makirfo kusa da ita. Wannan ƙugi yana tafiya kai tsaye zuwa kunnen antan. Shago ɗaya ya samu sanduna, layin kasuwa duka ya rasa kira. Hukumar ARCEP ce ke da alhakin rabon zangon rediyo da amincewa da kayan sadarwa a ƙasar nan. Wanda shagonsa ba ya samun rezo gara ya tuntuɓi kamfaninsa kafin ya sayo wa maƙwabtansa wahala.

Abin da ɗan kasuwa zai iya yi

Da farko, a tambayi maƙwabci mai layi iri ɗaya. In shi yana kira, to a duba salula, a kashe ta a kunna. In layukan kamfanoni biyu sun mutu tare, mai yiwuwa wuta ce, domin a wurare da dama kamfanoni suna haɗa ƙarfe ɗaya da gurup ɗaya, kowa da amfilinsa. In kira ya ƙi, a gwada rubutaccen saƙo, shi yakan kutsa inda murya ta kasa. Tafiya ɗaya gefen kasuwa ma takan sa salula ta kama wata fuskar antan.

Game da kuɗi, a yi hattara ƙwarai. Wanda ya tura kuɗi bai ga amsa ba, kada ya sake turawa sai ya duba abin da ya rage a asusunsa, domin na farkon na iya kasancewa ya wuce. Ke kuma Hajiya, kada ki saki kaya don an nuna miki saƙo a wayar mai saye. Ki jira ki ga kuɗin a naki asusu. Ranar da rezo ke rawa ita ce ranar kasuwar ƴan damfara.

Kai ƙara ma yana da amfani idan an yi shi da bayani. Ma'aikaci ba zai iya komi da kalmar babu rezo ba. Amma idan sarkin kasuwa ko shugabar ƙungiyar mata ta ce matsalar tana gabashin kasuwa, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na rana, sanduna a cike amma ba a jin mu, kuma ta fara ne bayan ruwan makon jiya, to an rage wa mai gyara rabin aiki. Idan an kai kuka ga kamfani ba a ga canji ba, ƙofar ARCEP a buɗe take, kuma kukan ƙungiya ya fi na mutum ɗaya nauyi.

A ƙarshe, antan da ke bayan kasuwa dukiyar kamfani ce, amma cinikinmu ne ke rataye a jikinsa. Wanda ya ga ana tallar gazwal ko batir ko tagullar da bai san asalinsu ba, ya tuna da motar albasar nan da ke tsaye cikin rana a Galmi. Wanda ya ga ana tara shara ana ƙonawa a jikin shingen antan ya hana, domin hayaƙin cikin matatar amfili yake shiga. Su kuma kamfanoni, jama'a na biyan kuɗin kira jikka bisa jikka, hakkinsu ne a wanke matata kafin bazara, a duba mahaɗa kafin damina, a canza batir kafin ya mutu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare masu hawa sama don mu ji muryar juna.